Amsa: Gano inda layin E1 ya lalace daga nesa

Malam, ka tambayi yadda za ka gane ko laifin layinka na E1, wato layin sadarwa na dijital mai ɗaukar murya da bayanai, yana cikin waya ko a na'urar can ƙarshe, ba tare da ka taka ƙafa ba. Ka umarci waccan na'urar ta juyo maka da duk siginar da ka aika, sannan ka tura jerin bit (lambobin 0 da 1) na gwaji a saurin layin E1, wato kilobit 2048 cikin daƙiƙa, ka ƙirga kurakuran da suka dawo. Idan babu kuskure, wayar lafiya lau take. Amma ka fara juyo da siginar a ɓangarenka, domin na sha ganin mahaɗi mai tsatsa ya sa an zargi layi a banza. Ka kuma sanar da masu amfani, saboda layin zai katse har ka cire juyin.