Aji mai yara 90, kai kaɗai da alli

Ɗana, ka ce kwaleji ta tura ka TP, wato gwajin koyarwa, an ba ka aji huɗu na firamare, yara sun kai 90. Kana magana suna surutu, darasin da ka kwana kana tsarawa ba ya ƙarewa kafin a kaɗa ƙararrawa, ga malamin da zai zo duba ka mako mai zuwa. Har kana tambayata ko dai ba ka dace da aikin ba.

Kwantar da hankalinka. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma da wannan ma'aunin aka koyar da kai. Ka tarar da ninki biyu da ɗoriya, dole rigar ta matse ka.

Rage kayan darasin. Abu ɗaya tak za ka koyar a zama ɗaya, in ya zauna ka ƙara gobe. Kuma kada "Kun gane?" ta ruɗe ka, domin ko ba su ji komai ba za su amsa "Eh, Malam!" baki ɗaya. Taka zuwa layin baya, ka ɗauki littafin mutum uku ka duba da idonka. In Turanci ya tsaya musu a wuya, warware da Hausa, sannan ka maimaita da Turancin.

A shekarata ta farko akwai wani yaro da ke zama can ƙurya jikin taga, ba ya kwafar komai, kullum kansa a kan benci. Na ɗauka taurin kai ne har na zane shi, abin da har yau yake damuna. Ashe allon ne ba ya gani. Da na dawo da shi gaba, kafin ƙarshen zango yana cikin goman farko. Tun daga nan nake haddace rajista, suna da fuska. Yaron da ka kira da sunansa yakan yi shiru ba sai ka ɗaga murya ba.

Mai duba ka kuwa, kada ka yi wa yara bitar darasin tun jiya don ka burge shi, zai gane daga hannuwan da ke tashi kafin ka gama tambaya. Bari ya ga ajin yadda yake, gyaran da zai yi maka sai ya fi amfani.

Ranar Alhamis ina da lissafi bayan tara. Zo ka zauna a baya da littafinka, in an tashi mu yi magana.