Amsa ga Hajiya kan binciken ƙwari da tsirrai na 'yarta

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki tun da safe, na bari sai na taso daga makaranta in amsa miki a tsanake. Kin ce 'yarki tana aji biyu na ƙaramar sakandare a Birnin Kebbi, malaminsu na kimiyya ya ce kowa ya kawo bincike kan ƙwari ko tsirrai kafin ƙarshen zango, makarantar ba ta da ɗakin gwaji, har kina tunanin ki biya wani a shagon kwamfuta ya haɗa mata. Don Allah kada ki biya kowa. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a wata makarantar gwamnati a ƙasar Argungu, mu ma ba mu da ɗakin gwajin, kuma aiki mafi kyau da yarana suka taɓa yi, da wake da kwalabe huɗu aka yi shi.

Ƙwaron wake nake nufi, wannan ɗan ƙaramin da ke mayar da buhun wake gari kafin bazara. Na fi son sa a kan kowane ƙwaro don ba ya cizo, ba sai an ciyar da shi ba, kuma yana cikin kicin ɗinki ko wajen mai awo a kasuwa. Macen tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake, ɗan ɗigo fari da ido ke iya gani idan an kawo shi kusa da haske. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta fitowa waje, hudawa take yi ta shige cikin ƙwayar, a can za ta ci ta girma ta rikiɗe. Bayan mako 3 zuwa 4 a lokacin zafi sai babban ƙwaro ya fito, ya bar wannan rami mai zagaye da duk mai tsince wake ta sani. Da sanyin hunturu yakan ɗauki lokaci fiye da haka, saboda haka ku lissafa kwanakin da suka rage muku tun yau.

Ga yadda muke yi. A samo wake mai kyau, a shanya shi a kan baƙar leda da tsakar rana, a rufa farar leda a sama don zafi ya kashe duk abin da ke ɓoye a ciki. Idan ya huce, yarinyar ta ƙirga ƙwaya 50 a kowace kwalba, ita da hannunta. Kwalba ta farko ba a sa mata komai. Ta biyu a cakuɗa da tokar murhu da aka tankaɗe, toka mai yawa har ta kai yawan waken, ba barbaɗe ba. Ta uku a sa busasshen ganyen dogon yaro da aka daka. Waɗannan uku a rufe bakinsu da ƙyalle a ɗaure da roba don iska ta riƙa shiga. Ta huɗu a nemi ƙarama wadda waken zai cika ta, a ɗaure murfin tam, a naɗe da leda. Kowace kwalba a saka mata ƙwari 10 masu rai daga tsohon wake. Sai a ajiye su jere wuri ɗaya a inuwa.

Na ce a inuwa ne don ya taɓa faruwa da mu. Wata shekara cikin watan Afrilu muka jera kwalaben a kan taga, rana ta doke su kwana biyu, duk ƙwarin suka mutu har da na kwalbar da ba a sa wa komai ba. Yaran suka shiga murna wai toka ta yi aiki, dogon yaro ya yi aiki. Wata yarinya mai shiru-shiru da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to waccan da ba a sa wa komai ba, me ya kashe nata?" Ajin ya yi tsit. Wallahi har yau idan na tuna tambayar nan raina yana yin fari, don a ranar suka gane amfanin kwalba ta farko fiye da duk bayanin da na yi a allo. Ita ce ma'auni. In babu ita, ba ki da hujjar cewa tokar ce ta yi wani abu. Muka sake daga farko, muka rasa mako guda, amma ban taɓa ganin sa a matsayin asara ba.

Aikin 'yarki na kullum ɗan kaɗan ne: ta duba, ta rubuta kwanan wata, ta rubuta abin da ta gani. Ƙwari nawa ke motsi, ƙwaya nawa ke ɗauke da ƙwai, yaushe rami na farko ya bayyana. A ƙarshe ta zazzage kowace kwalba a faranti ta ƙirga masu rami da marasa rami. Kada ta rubuta abin da take zato ko abin da ta ji manya na faɗi. Na sha ganin yaro ya gyara lissafinsa don kakarsa ta ce masa "ai toka ita am maganin ƙwaro." Kakar tana da gaskiyarta, toka takan cike tsakanin ƙwayoyi ta hana ƙwaro yawo da yin ƙwai, amma idan a kwalbar yarinyar ba haka ya fito ba, to ta rubuta yadda ya fito, sannan ta yi tunanin dalili. Wataƙila tokar ta yi kaɗan, wataƙila akwai tsutsa a cikin waken tun farko. Malamin da ya san aikinsa ya fi ba wannan maki a kan shafi goma da aka kwafo daga intanet.

Kwalba ta huɗu kuma za ta ba ta abin faɗi a gaban aji. Ƙwarin suna shaƙar iskar oksijin kamar mu, idan ta ƙare a rufaffen wuri sai su daina ci su mutu. Dabarar ke nan da ke cikin buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Manomanmu da ke adana wake a jarka ko duro su toshe baki, abu ɗaya suke yi.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kada a kawo fiya-fiya ko ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhun hatsi wai don a gwada. Ƙwayar nan iska mai guba take fitarwa, ba abin da yaro zai taɓa ba ce, balle a ɗakin da ake kwana.

Idan kuma ran 'yarki ya fi kwanciya da abu mai kyan gani, ku leƙa tumfafiya a bayan gari. A ƙarƙashin ganyenta akan samu wata tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya. A sa ta a kwalba mai murfin ƙyalle, a riƙa canza mata sabon ganye kullum. Za ta ci ta ci, ranar nan ta daina, ta rataye kanta a jikin ƙyallen, ta zama ɗan kwanso mai ɗigon zinariya. Bayan kamar mako guda ko ɗan fiye, malam-buɗe-littafi mai ruwan goro zai fito yana busar da fikafikansa. Ranar da namu ya fito, har yaran wani aji sun cika mana taga. A jikin tumfafiyar yarinyar za ta iya ganin farar tumfafiya, wadda kowa ya san ba a ci. Dafin ganyen da take ci ne ke taruwa a jikinta, launinta mai ɗaukar ido kuwa sanarwa ce ga tsuntsaye. Ita fara ba ta bi ta matakin tsutsa da kwanso, ɗanta kamarta yake fitowa sai dai babu fiffike, kin ga an samu abin kwatantawa. Amma babba ne zai tsinko ganyen, a kiyaye farin ruwan nan daga ido, a wanke hannu da sabulu.

Na tsirrai ba su da wahala. Ta shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a fili, ɗaya cikin kwali mai ƙofa ɗaya a gefe, ta ga yadda na cikin kwalin zai yi tsawo ya ɗashe ya karkata wajen haske. Ko ta ɗaure farar leda a reshen dogon yaro mai ganye da safe, ta dawo da la'asar ta ga ruwa ya taru a ciki, ta kwatanta da reshen da aka cire wa ganye. Idan da gonar wake kusa, a tono guda a hankali ta ga ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa. A fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne to bakteriyar da ke ciki, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, tana aiki, tana samar wa shukar sinadarin naitirojin daga iska, wanda taki ne gare ta. Shi ya sa iyayenmu ke haɗa wake da gero a gona ɗaya.

Ki bar ta ta zaɓi guda ɗaya kawai, Hajiya, kada ta tara uku ta kasa bin ko ɗaya. Naki shi ne kwalabe, da tuni bayan sallar la'asar cewa lokacin dubawa ya yi, da hana ƙannenta girgiza su. Zanen ma ita za ta yi da fensir ko da bai yi kyau ba. In na waken ta ɗauka, ku shanya shi gobe tunda zango ya yi nisa, kuma ranar da ta ga rami na farko ki turo mana hoton shafin littafinta, zan duba lissafin tare da ku in sha Allah.