Wai da gaske haka mutanen Amurka na asali suke kamar a zanen Turawa?

Tambaya: Malam barka da aiki, na ga wasu tsofaffin zane a intanet na jajayen Indiyawa tsirara suna gasa naman mutane, wai da gaske haka suke? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama kin yi tambaya mai kyau. Yawancin zanen nan da ke yawo na Theodor de Bry ne, wanda ya fara buga su a Frankfurt ta Jamus a 1590, kuma mutumin nan ko sau ɗaya bai taka Amurka ba, aikin wasu yake ɗauka ya sassaƙa a farantin tagulla ya ƙara gishiri dan littafi ya samu kasuwa. Na gasa naman ya samo shi ne daga labarin Hans Staden, Bajamushen da ƙabilar Tupinamba ta Barazil ta kama, ya buga labarinsa a 1557. Abin da ke min ciwo shine al'adar da aka jingina wa ƙabila ɗaya sai aka shafa wa nahiya guda, masu ƙwace ƙasa kuma suka samu hujjar cewa ai ba mutanen kirki bane.

Amma akwai John White, Baturen Ingila da ya je Roanoke, wani tsibiri a gaɓar gabashin Amurka ta Arewa, a 1585 ya zana abin da idonsa ya gani, gonakin masara, masunta a kwalekwale, gari da shinge. Shima da de Bry ya kwafi zanensa sai ya gyara wa mutanen cikin zanen jiki da tsayuwa irin na gumakan Girkawa. Zanen White ɗin na asali suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan, ki nemo su ki kwatanta.