Baba, in sayar da Adaidaita Sahuna a sa ni jarumi?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Shekarata 29, ina zaune a Kurna. Shekara shida ke nan ina wasan kwaikwayo, daga wasan daɓe na makaranta har finafinai masu dogon zango, amma kullum ni ne maigadi, ko dillalin gidaje, ko ɗan sandan da zai yi kamu ya wuce. Wani da ya ce shi furodusa ne ya yi mini alkawarin sa ni jarumi in na kawo naira 800,000. Ba ni da kadara sai Adaidaita Sahun da nake ciyar da iyalina da shi. Na kasa barci, ina tsoron in tsufa a maigadi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayar. Wannan tambaya na sha jin ta har na gaji, daga samari a titin Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, daga 'yan mata ta waya, har daga iyayen da suka riga suka biya suna neman wanda zai karɓo musu haƙƙinsu.

An cusa wa matasa cewa jarumta kujera ce da ake saye. Ƙarya ce, kuma lissafin sana'ar ya isa ya nuna maka. Tun da kasuwar faifai ta mutu, galibi kuɗin furodusa ta YouTube da tashoshin talabijin da 'yan tallace-tallace suke dawowa. Duk waɗannan yawan masu kallo suke bi. Don haka mai fim na gaskiya, in zai zaɓi jarumi, fuskar da za ta jawo masa jama'a yake nema, shi ne ma yake biyan ta. Wanda ya karɓi 800,000 a hannunka kuwa ya gama cin ribarsa tun ba a kunna kyamara ba. Me zai sa ya wahalar da kansa da lokeshin da tacewa da talla? In ya yi maka adalci, a ɗauki sin biyar, wato fitowa biyar, a wani gida, a buga fosta da hotonka a tsakiya, ka rarraba wa dangi, daga nan sai ka riƙa jin "ana edita" har damina biyu. Na san yaron da ya sa mahaifiyarsa ta sayar da filin gadonta saboda irin wannan alkawari. Fim bai fito ba, mutumin ya canza layi, yaron kuma kunya ta hana shi komawa ko da ƙananan fitowar da yake samu a da. Abin da ya fi ƙona mini rai, waɗannan 'yan damfara sun fi yi wa 'yan mata illa, domin su ba kuɗi kaɗai ake nema a wajensu ba.

Kada a rikita ka da zancen rajista. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa 'yan wasa rajista, ƙungiyoyi irin su MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, su ma suna da nasu tsarin. Wannan a ofis ake yi, da rasit, kuma ba ya ba ka rol, wato rawar da za ka taka a fim. In kuma jari kake son zubawa a fim, wannan ciniki ne dabam, sai da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu da kason riba. Ka ce wa mutumin naka ya rubuta, ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Sai tsoron tsufa a maigadi. Mu da muka taso a dandamali, muka ga zamanin gidan talabijin na CTV 67 da Gwamna Abubakar Rimi ya buɗe a farkon shekarun 1980, tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, ba mu san wannan rabe-raben na babba da ƙarami ba. Hali ake ba ka, ka je ka gina shi. Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya ɗauko zaman bariki da ya sani ya mai da shi Samanja, sunan ya bi shi har rasuwarsa a 2023. Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da murya da kallo kawai yake cika allo. Rabilu Musa Ibro gandiroba ne kafin duniya ta san shi. Allah Ya jiƙansu. Babu wanda ake tunawa da shi a cikinsu saboda kyan fuska. Jarumin soyayya yana da 'yan shekarunsa, furfura na fitowa a nemo sabon yaro. Mai iya hali kuwa shekaru aiki suke ƙara masa: yau maigadi, gobe mai unguwa, jibi alƙali ko surukin da kowa ke shakka. A shiri mai dogon zango, maigadin da ya shiga ran masu kallo marubuci da kansa yake ƙara masa sin.

Ba zan ɓoye maka ba, sallamar masu irin fitowarka ba ta taka kara ta karya ba, kuma mun ga dattawan sana'ar nan da ciwo ya kwantar sai da aka yi musu gidauniya. Wannan ne ma dalilin da ya sa Adaidaitan nan ya fi maka komai. Shi ne zai ba ka bakin cewa a'a in an raina maka kuɗi. Kuma ka ji tsoron Allah a kan iyalinka, abincin bakinsu amana ce a wuyanka, za a tambaye ka.

Ga abin da nake so ka yi. Fasinjojin da kake ɗauka daga Kurna zuwa Kantin Kwari, ka riƙa sauraren yadda dillali yake rantsuwa, yadda tsoho yake gyaran murya kafin ya yi magana. Ka yi wa maigadinka tarihi ko da ba a rubuta ba: daga wane gari ya zo, wa ya bari a gida. Ka tara sin uku da ka fi yi da kyau a wayarka, ka nuna wa daraktocin da ka taɓa aiki da su. Kafin ka fita lokeshin ka tsayar da kuɗinka a gaban shaida. Shi kuma wancan mutumin, ka tambaye shi fim nawa ya kammala, a wace tasha aka nuna, sannan ka je ka tambayi waɗanda suka fito a ciki ko an sallame su.