Ku Tambayi Anti: Maigida Zai Kai Mu Daji a Kwale-kwale Da Yara Uku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, don Allah shawara nake nema. Muna zaune a jihar Minnesota ta Amurka, maigidana ya ɗauko wata magana wai hutun yara na bana Boundary Waters za mu je, kwana biyar muna tuƙa kwale-kwale daga wannan tafki zuwa wancan muna kwana a tanti, ba mota ba lantarki ba sabis ɗin waya. Yaranmu uku, babban shekara 12, mai bi masa 9, auta 5. Har ya zana hanya a taswira, tafki goma sha biyu, kullum sai mun tashi mun sake wajen kwana. Ni tunda naji akwai beyar a dajin barci ya ƙaurace min. In bi shi ko in ce a'a? Daga Maman Auta.

AMSA: Wa'alaikumus salam Maman Auta. Ki bi shi, amma fa ki fara karɓe taswirar nan daga hannunsa, don ni ita ta fi ban tsoro ba beyar ɗin ba.

Wajen da ya zaɓa ba laifi gaskiya. Daji ne da ya haura eka miliyan ɗaya a kan iyakar Amurka da Kanada, tafkuna sama da 1,100, tun 1964 yake ƙarƙashin dokar kare daji aka ƙara masa wata a 1978, shi yasa yawancin tafkunan ba a yarda da jirgi mai inji ba. Abin da taswira bata gaya wa maigida ba shi ne tsakanin tafki da tafki akwai tudu, kuma a ka ake ɗaukar kwale-kwalen a ƙetare. Can da "rod" suke auna wannan tafiyar, rod ɗaya ƙafa 16 da rabi, kusan tsawon kwale-kwale guda, rod 320 mil ɗaya kenan. Na taɓa ɗaukar kwale-kwalen, kanki na cikinsa kamar kin kifa ƙwarya, katakon tsakiyarsa ya zauna miki a kafaɗa, gabanki kawai saiwoyi da taɓo kike gani, sauro ya shigo ciki yana biki a kunnenki ga hannu biyu duk a riƙe ba halin kora, kin ajiye kuma sai ki koma ɗauko jakunkuna, wato hanya ɗaya sau uku za ki taka ta. Toh ki ɗora yaro ɗan shekara biyar da takalminsa ya cika da ruwa a kan wannan, sau goma sha ɗaya.

Shawarata ku tsallaka tudu ɗaya ko biyu gajeru, ku kafa tanti waje ɗaya ku yi kwana uku, kullum da safe ku fita yawo da kwale-kwale ba kaya ku dawo. Ƙafar auta ce ma'aunin tafiyar, ba ƙarfin babansa ba. Kuma ku kama wajen kwana da wuri, don a wuraren da hukuma ta ware kaɗai ake sauka, kowanne da murhun ƙarfe da masai, wanda ya riga shi ke da shi.

Ruwa ne abin ji. Iska da rana take tashi, tafkin da kika gani da asuba kwance kamar faranti kafin la'asar ya fara tumbatsa, don haka sammako za ku riƙa yi, ku bi gefe-gefe kar ku yanki tsakiyar babban tafki, in kun ji tsawa kuma ku fito tudu nan take. Rigar kariya daga nutsewa dokar Minnesota ta wajabta wa yaro ƙasa da shekara 10 in jirgi na tafiya, amma ni nace kowa ya saka har maigida, a ɗaure, ba a shimfiɗa a zauna a kai ba. Wani abu kuma da nake zargin bai faɗa miki ba, ku biyar da kaya da wuya ku shiga kwale-kwale ɗaya, kinga ke ce direban na biyun, wanda ke baya shi ke juya akala. Ku je wani tafki kusa da gida ki riƙe filafili sau biyu sau uku kafin ranar.

Maganar beyar, baƙaƙe ne ake da su a can kuma abinci ke kawo su ba mutum ba. A rataye jakar abinci ƙafa 12 daga ƙasa, ƙafa 6 daga jikin bishiya, ko a sa a mazubin da beyar baya iya buɗewa. Har man goge baki a ciki. Ki laluba aljihun yaran kafin su shiga tanti, nan ake samun ɓarnar.

Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba sai da takardar izini ake kwana, an ƙayyade adadin masu shiga ta kowace ƙofa a rana, a ƙarshen Janairu ake buɗe neman ta a intanet kuma masu kyan da wuri suke ƙarewa. Abincin gwangwani da kwalba an hana. Ruwan tafki komai haskensa a tace ko a tafasa minti ɗaya. In da hali ku zaɓi Agusta, ruwa ya yi ɗumi sauro ya ragu, Yuni kam ƙananan ƙudajen nan masu cizo sai sun sa yara kuka. A garin Ely ko Grand Marais akwai masu bada hayar komai, ki ce kwale-kwalen Kevlar kike so mara nauyi, ki tambaye su da na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan adam tunda ba sabis, sannan ku bar wa wani hanyarku da ranar fitowarku a rubuce.

Af, da dare za ku ji wani kuka mai tsawo daga kan ruwa kamar ana kiran mutum daga nesa. Tsuntsu ne, "loon" suke ce masa. Ki kunna wa yaran muryarsa a waya tun a gida, in ba haka ba ku biyar ɗin a tanti ɗaya za ku kwana.