Amsa: 'Yancin faɗin albarkacin baki na Turawa ne kaɗai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wannan 'yanci al'adar Turawa ce da aka ɗora wa duniya, ko kuwa haƙƙin kowane ɗan'adam ne. A ganina tushensa na kowa ne, iyakarsa ce take bambanta.

Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙoƙin ɗan'adam a 1948, wanda sashe na 19 ya tanadi wannan 'yanci, ƙasashe 48 sun goyi baya, 8 sun ƙaurace, babu wadda ta ƙi. Kuma cikin waɗanda suka tsara shi akwai Charles Malik na Labanan da P.C. Chang na Sin.

Su kansu Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba. A Jamus, wanda ya fito fili ya musanta kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa yana iya shan ɗaurin shekara 5, alhali a Amurka tsarin mulki ya ba shi kariya komai munin maganarsa. Tarihin kowace ƙasa ne ya shata mata iyaka.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai mulki ya fake da "al'adarmu" ya kulle ɗan jaridar da ya tambayi inda kuɗin asibiti suka shiga, domin uwar da ɗanta ya rasu saboda rashin magani tana buƙatar a ji kukanta a kowace nahiya take. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta halatta taƙaita magana ne kawai idan doka ta tanada kuma ya zama dole, kamar don kare mutuncin wasu ko tsaron ƙasa.