Amsa: Yadda Katolikan Japan suka riƙe ibada a ɓoye

Kin tambaya ko da gaske Katolikan Japan sun yi sama da shekara 200 suna ibada babu fada, wato limamin coci. Haka ne. Bayan an haramta addinin a 1614, iyalai a yankin Nagasaki sun raba aikin a tsakaninsu, wani yana yin baftisma, wani yana riƙe kalandar bukukuwa, har zuwa 1865 da mutanen ƙauyen Urakami suka bayyana kansu a matsayin Kiristoci a cocin Oura da ke Nagasaki.

Sai dai a nazarin da na yi na lura cewa addu'o'in Latin sun sauya a bakin jama'a, sun gauraya da al'adun gida, shi ya sa da aka ɗage haramcin a 1873 wasu iyalai suka ƙi komawa coci, suka ci gaba da hanyar kakanninsu.